Ji Ya Kori Gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan magana gaskiya ce a cinikin akuya da na atamfa da na gona. Amma akwai wata haja guda wadda in mutum ya shiga kasuwa da wannan karin magana a kansa, to, sai an yi masa sakiyar da ba ruwa. Hajar nan ita ce abin sauraren nan da a ke kifawa a kunnuwa, wanda samari ke kira hedifon. Ba ɗan ƙaramin nan da a ke cusawa cikin ramin kunne na ke nufi ba, watau iyafis. Babban na ke nufi, mai kama da ƙoƙuna biyu da aka haɗa da baka, wanda ya ke rufe kunne ruf. A cinikinsa ido ba shi da ta cewa. Kunne ne alƙali, shi ne kuma mai shaida.

Na san wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai ce, me ya haɗa mujallar Ƙungiyar Hausa da kayan lantarki? Amsar ba ta da nisa. Mu da mu ke nazarin waƙar baka, kunne shi ne fartanyarmu. Malam zai ba ka waƙa ya ce ka je ka rubuto ta ɗa bayan ɗa, ka fitar da gindinta, ka rarrabe jagora da amshi, sa'an nan ka zo a yi maganar turke da salo. Duk wannan ba ya yiwuwa sai ka ji abin da makaɗi ya faɗa, ba abin da ka ke tsammanin ya faɗa ba. Ɗakin kwanan ɗalibai kuwa kun san halinsa: wannan yana haddar darasi, wancan yana musun ƙwallo. Ke nan abin da za ka kifa a kunne ya zama kayan aiki, kamar littafi da alƙalami.

Ni mutumin Jahun ne, kuma ina da wata 'yar na'urar sauraren waƙa ta aljihu, irin wadda a ke sa wa memori. Na fi son ta da waya saboda dalili ɗaya. A garinmu wuta ba kullum ba ce, cajin waya kuwa sai an kai wa masu janareto an biya. In na bar waya don kira da saƙo, 'yar na'urar nan sai ta yini ta kwana tana yi mini aiki. Abin da ke cikin memorin nan kashi biyu ne. Kashi na farko na karatu ne: Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Shata da Haruna Uji. Kashi na biyu na nishaɗi ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son kiɗa mai nauyi, irin wanda ke duka daga ƙasa: waƙoƙin sutudiyo na Kano da a ke haɗawa da fiyano da kwamfuta, da na mutanen Legas, da wani kiɗa na Afirka ta Kudu da a ke kira amapiano, wanda gangarsa ke gurnani kamar hadarin gabas. Aljihuna kuwa ɗaya ne. Abin da na ware bai wuce kuɗin abincin mako biyu ba. Ashe ke nan dole hedifon guda ya yi wa iyayengiji biyu bauta.

Kafin in shiga maganar zaɓe, bari in ɗan taɓa asalin abin. A shekarar 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera irinsa, sojojin ruwan Amurka suka riƙa saye don sauraren saƙonni. Ba a yi shi don kiɗa ba. Sai a 1958 John Koss ya fito da wanda aka yi musamman don masu jin faifai. Amma abin bai fita titi ba sai a 1979, lokacin da kamfanin Sony na Japan ya fitar da Walkman, 'yar na'urar kaset da mutum zai rataya ya yi tafiyarsa. Yayin kiɗa mai nauyi a kunne kuwa ya ƙara ƙarfi ne daga 2008, da fitowar hedifon ɗin Beats na mawaƙin nan Dr. Dre, kamfanin da Apple ya saya a 2014 a kan dala biliyan 3. Daga nan ƙananan masana'antu suka gane cewa nauyin kiɗa shi ke sayar da kaya, sai kowa ya shiga rubuta alkawarinsa a jikin kwali. Abin da ya cika teburan masu kayan waya ke nan, tun daga kasuwar Farm Centre ta Kano har zuwa rumfunan Dutse da Jahun.

To, mene ne wannan nauyin kiɗa da samari ke kira bes? Amo dai girgiza ce ta iska, kuma a kan auna ta da yawan kaɗawar da ta ke yi cikin daƙiƙa ɗaya, abin da za ka ga an rubuta Hz. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana ji daga kaɗawa 20 zuwa 20,000. Amon da ke ƙasa da kamar 250 shi ne mai kauri, shi ne bes. Son wannan amo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu ganga ran hawan salla ya san akwai amon da ƙirji ke ji kafin kunne ya ji. Tambari ma da a ke buga wa sarakuna, kwarjininsa a kaurin muryarsa ya ke. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: hedifon ba ya iya dukan ƙirji, iyakarsa kunne. Don a cike wannan giɓi, sai masu ƙera na araha su kumbura amon da ke tsakanin kaɗawa 100 da 200, domin shi ne mai sauƙin kumburawa, kuma shi ne mai saye zai ji nan take a cikin hayaniyar kasuwa ya ce, “Kai, wannan yana duka!”

Illar wannan kumburi ita ce ta dame ni. Masana amo sun tabbatar cewa amo mai kauri yana danne na samansa fiye da yadda siriri ke danne mai kauri. Muryar namiji kuwa, gindinta yana nan ne a wannan yanki da aka kumbura. Ke nan in ganga ta cika wurin, sai muryar makaɗi ta koma kamar mai magana daga cikin rumbu. A wani harshen wataƙila hasarar kaɗan ce. A Hausa babba ce. Mun karanta a aji cewa karin sauti ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, tsawon wasali ke raba gari na mutane da gari na tuwo, sa'an nan ɗan tsinin da ke bakin baƙi ke raba kafa da ƙafa, ko bata da ɓata. Waɗannan ƙananan bambance-bambance su ne farkon abin da ke nutsewa in amo ya yi laka. Daɗin daɗawa, manyan makaɗan fada da mu ke nazari, irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, da Hausar yamma su ke waƙa, wadda ɗan Jahun sai ya kasa kunne sosai kafin ya kama wasu kalmominta. Ga 'yan amshi suna shigowa tun jagora bai rufe baki ba, ga ɗaukar ta tsufa, ta bi ta faifai da kaset kafin ta iso memori. In ka ƙara wa wannan gurnanin hedifon, me ya rage maka?

Saboda haka na kafa wa kaina ƙa'ida guda: ina son wanda zai ba ganga haƙƙinta, amma ba zai cinye haƙƙin magana ba. Akwai bambanci tsakanin nauyi da kumburi. Nauyi shi ne ka ji bugu ya sauka can ƙasa, ya tsaya inda makaɗi ya tsai da shi. Kumburi shi ne bugu ya sauka ya ƙi tafiya, yana jan ƙafa har na bayansa ya tarad da shi, duka su cakuɗe.

Da wannan ƙa'ida na fara duba abin da ke jikin kwalaye. Kusan kowanne za ka ga an rubuta masa 20 zuwa 20,000. Wannan rubutu ba ya gaya maka kome, domin bai faɗi ƙarfin da kowane amo ke fita da shi ba. Kamar mai gida ne ya ce kowa na gidansa ya ci abinci, bai faɗi wanda ya sami loma ɗaya da wanda ya cinye akushi ba. Haka kuma girman 'yar lasifikar da ke ciki, wadda galibi milimita 40 ce, ba shi ke nuna kyau ba. Lambobi biyu ne suka shafi mai ƙaramar na'ura. Ta farko ita ce wadda a ke rubuta wa ohm, watau taurin kan da hedifon ke yi wa wutar da ke shigarsa. Mai 16 zuwa 32 shi ne daidai da na'urar aljihu. Mai 250 na ma'aikatan sutudiyo ne, yana bukatar injin da zai tura shi. In ka sa shi a 'yar na'ura irin tawa, sai ka ji shi can ƙasa-ƙasa, kamar an ɗaura wa jaki kayan raƙumi. Ta biyu ita ce yawan ƙarar da ya ke bayarwa da wuta kaɗan, wadda a ke aunawa da desibel. In ta kusa 100 ko ta ɗara, to, ba sai ka ƙure na'urarka ba, batir ma ya fi daɗewa. Amma a tuna, kasuwa cike ta ke da jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, kuma wanda ya ari suna ba zai ji kunyar arar lamba ba. Kama da wane ba ta wane.

Abu na gaba shi ne ƙirar ƙoƙon. Akwai mai rufaffen baya, akwai mai huji-huji. Mai son kiɗa mai nauyi da kuɗi kaɗan, rufaffe ya dace da shi, domin yana tsare amo a ciki, yana rage na waje, kuma ba ya damun maƙwabcinka a ɗakin karatu. Amma duk kyansa, in matashin da ke kewaye da kunne bai zauna daram ba, bes sai ya zurare ta kafar da aka bari. Mai tabarau ya gwada da tabaransa, mai hula ya gwada da hularsa, 'yar'uwa mai ɗankwali ko hijabi ita ma ta gwada yadda za ta riƙa sa shi. Sa'an nan a tuna da yanayin ƙasarmu. Yawancin matasan nan da fatar roba a ke yin su. A zafin bazara na watan Afrilu sai kunne ya jiƙe da gumi, in hunturu ya zo kuma fatar ta bushe ta riƙa ɓarewa. Don haka na nemi wanda a ke iya cire matashinsa a sake wani, ko a kai wa tela ya yi masa riga.

Sai maganar igiya. Galibin hedifon ba lasifikarsa ke fara mutuwa ba, igiyarsa ce, kuma a wuyan filogi ta ke karyewa, daga nan sai kunne ɗaya ya ɗauke. Wanda a ke iya zare igiyarsa a sa sabuwa ya fi wanda aka dasa masa ita, ko da ya ɗan fi tsada. Marar igiya kuwa, mai aiki da Bluetooth, yana da daɗin sha'ani, sai dai ya ƙara maka baki guda da za ka ciyar a wurin mai caji, kuma a cikin kuɗin nan naka kaɗan an raba an sayi batir da sauran tarkace, abin da ya rage wa amo bai taka kara ya karya ba. Wanda ya nace sai shi, to, ya nemi mai ramin igiya na milimita 3.5, don ran da batir ya ƙare kada ya zama abin ado a wuya.

Duk waɗannan sharar fage ce. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Ran da na shirya, na hau mota daga Jahun ta Kiyawa na sauka Dutse, da 'yar na'urata a aljihu. Wannan shi ne sharaɗi mafi girma: ka je da na'urarka da waƙoƙin da ka sani kamar tafin hannunka. Mai shagon da na tsaya wurinsa saurayi ne mai fara'a. Ya ciro wani ja mai walƙiya, ya jona a wayarsa, ya ƙure ƙara, ya miƙo mini.

Ya ce, “Malam, ji nan. In ka sa wannan sai ka ɗauka a gidan biki ka ke.”

Na ce, “Maigida, na gode. Amma bari in ji shi da tawa, don da ita zai zauna.”

Ya yi dariya ya ce, “Kai ɗalibi ne, ko? Ku ne masu dogon bincike. Bismilla.”

Gwaji huɗu na yi wa kowanne, kuma da matsakaiciyar ƙara. Na farko, waƙar zamani mai nauyi, don in ji ko bugun yana sauka ƙasa ko kuwa kwankwasa kawai ya ke yi, in kuma ji ko ƙoƙon yana karkarwa in an ɗan ƙara. Na biyu, waƙar Shata. Kalangu ganga ce mai magana; makaɗi yana matsa tsarkiyarta a hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka. Hedifon na kirki zai bar ka ka bi wannan hawa da sauka, ka kuma rarrabe uwar kalangu da 'yan ƙananan da ke bin ta. Na uku, gurmin Haruna Uji na Haɗeja, domin tsirkiya siririya ce, in akwai laka nan da nan za ta ɓace. Na huɗu, wanda ya fi duka, waƙar Ɗanƙwairo, a daidai wurin da jagora da 'yan amshi ke haɗuwa a kan kotso.

Jan nan mai walƙiya ya ci gwajin farko da ƙyar, ya faɗi sauran ukun. Wani fari da ya biyo baya ya fito da magana tas, amma gangarsa kamar a ke buga gwangwani. Na huɗu da na ɗauka baƙi ne, ba shi da ado, kwalinsa ma ya sha ƙura. Bes ɗinsa bai kai na jan cika kunne ba, amma ya fi shi zurfi, kuma yana tsayawa. Da na sa Ɗanƙwairo sai na ji kalmomi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar an tsince su. Na murɗa igiyar a wuyan filogi, ban ji tsatsa ba. Na saurari dama, na saurari hagu, ƙarfinsu ɗaya. Na bar shi a kaina muna ciniki har kusan minti goma, don in ji ko zai matse mini kai. Mai shago ya ce, “Ikon Allah! Wannan ya fi wata uku a nan ba wanda ya dube shi.” Muka daidaita, har na sami canjin kuɗin mota.

Saura magana ɗaya wadda ta fi kuɗi muhimmanci, ita ce lafiyar kunnen kansa. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa in ƙara ta yi ƙasa, kunne ya fi saurin rasa amo mai kauri a kan sauran. Wannan shi ya sa mai son bes hannunsa kullum yana kan maɓallin ƙari. A cikin mota abin ya fi muni, domin rurin inji shi ma mai kauri ne, yana haɗiye gangar, sai ka yi ta ƙarawa ba ka sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 ke cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan saurare. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ta kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar amo. In suka mutu ba su sake tsirowa. Wanda ya cire hedifon ya ji kunnensa yana ƙugi, to, gargaɗi ne aka yi masa. A nan ne babban hedifon mai rufe kunne ya yi rana, domin da ya tare hayaniyar waje, ba ka da hujjar ƙurewa. Ɗalibin waƙar baka da ya kashe kunnensa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da me zai yi aiki in ya kai arba'in?

Akwai kuma haƙƙin jama'a. Wani kawuna a Jahun, da ya gan ni da shi a zaure, cewa ya yi, “Ɗana, mu a zamaninmu in mutum ya sayi rediyo mai kaset, unguwa ce ta saya. Ku kuwa kun mai da kiɗa kamar cin abinci a ɗaka.” Na ce, “Gaskiya ne, Kawu.” Maganarsa tana da tushe, domin kiɗan Hausa na dandali ne da fada da gona da fagen dambe, ba a san shi da kaɗaici ba. Abin sha'awa, Walkman na farko ma ramin hedifon biyu aka yi masa, don mutum biyu su ji tare. Saboda haka na ɗaukar wa kaina cewa ba na sa shi a kan titi inda babura ke giftawa, ba na sa shi a inda manya ke zaune, kuma in lokacin salla ya gabato sai in sauke shi a wuya. Abin da zai hana ka amsa sallama ya fi ƙarfin a kira shi abin nishaɗi.

To, 'yan'uwa ɗalibai, wanda duk ya tashi sayen irin wannan da ɗan abin da ya tara, kada walƙiya ta ɗauke masa ido, kada kuma dukan farko ya ruɗe shi. Ya tafi da na'urarsa, ya tafi da waƙar da ke girgiza shi, ya haɗa da ta tsohon makaɗi guda wanda ya san kalmominsa. In ganga ta sauka har ƙasa, kuma ya ji kowace kalma ta mai waƙa, ya biya ya tafi. In ɗaya ta cinye ɗaya, ya ajiye ya yi gaba, kasuwa ba ta ƙare ba. Makaɗanmu ba su taɓa barin ganga ta rufe musu baki ba, bai kamata mu sayi abin da zai yi musu haka da kuɗinmu ba. Allah ya bar mu da jinmu, ya sa mu ji alheri.